Kunne da Fistin Shida

A layin da ke bayan kasuwar kayan mota akwai wani direban tifa wanda kowa ke kira Kunne. Sa'o'insa suna ce masa Kunne kai tsaye, na baya suna ce masa Baba Kunne. Matarsa ce kaɗai ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba, domin a cewarta, tun da ta shigo gidansa ba ta ga alamar yana jin magana ba.

Sunan ya samo asali ne tun yana saurayi, lokacin da yake koyon tuƙi. Wata rana yana zaune a bakin gareji, wata mota ta wuce, sai ya ce wa na kusa da shi motar nan ba za ta kai mahaɗar hanya ba. Ba ta kai ba kuwa. Aka tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce ji ya yi. Daga nan mutane suka riƙa kawo masa motoci ya saurara, kamar yadda ake kai wa likita ƙirji. Ba ya taɓa ƙarfe, ba ya karɓar lada. Zai tsaya, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, sannan ya faɗi abin da ke damun injin a taƙaice, ya koma inda yake zaune. Gyara kuwa aikin ƙanensa ne, wanda ya zama bakanike, ya buɗe gareji a ƙarshen layin. Tun suna samari suka raba aikin a tsakaninsu: wan ya ji, ƙanen ya kwance.

Kunne ya daɗe yana tuƙa motocin mutane kafin ya sayi tasa, wata tsohuwar tifa da ya raɗa wa suna Gwaggo, saboda halinta na yin mita da safe alhali ba ta ƙin aike. Da yashin da take ɗebowa ya ciyar da gida, ya biya makarantar 'ya'yansa har suka girma suka watse, kowa ya kama gabansa. Rabin gidajen unguwar a kan yashin Gwaggo suke tsaye, kuma Kunne yakan nuna su da leɓe idan yana wucewa, kamar mai nuna jikoki. 'Ya'yan sun sha roƙonsa ya ajiye tuƙi ya huta. Ya taɓa gwada hutun sau ɗaya, lokacin da ya gurɗe ƙafa. A kwanakin ya sake wa matarsa tsarin ɗakin girki, ya jera tukwane bisa girma, ya ɓoye wuƙa a inda ya ce ya fi dacewa da ita. Matar ce da kanta ta buga wa 'ya'yan waya, ta ce su ƙyale ubansu ya koma aiki.

Abin da ya fi ɗaga sunansa a kasuwa shi ne gwajin kayan hannu, wato waɗanda aka ciro daga tsofaffin injuna. Zai rataye ƙarfen a jikin siririyar wayar ƙarfe, ya ɗan buge shi da ƙaramar sifana, ya saurara. Ƙarfe mai lafiya yana jan amo har ya shuɗe a hankali. Mai tsaga kuwa, ko da ido ba ya ganinta, amonsa yankewa yake yi nan take. Masu shaguna suna tsoron zuwansa, suna kuma son zuwansa, domin abin da ya ƙi ya mutu ke nan, abin da ya yaba kuwa kuɗinsa ya tashi tun kafin ya fita daga shagon.

Kunnensa na ɓangaren tagar mota ne ya fara daina ji, daga baya ɗayan ya bi shi. Da fari ya ɗauka tsuntsaye ne suka ƙaura daga unguwar, sannan ya lura mutanen zamani sun koyi magana ciki-ciki, har ya yi wa wasu faɗa a kan hakan. Bai gane gaskiyar lamarin ba sai ranar da murfin tukunya ya suɓuce daga hannun matarsa, ya faɗi a siminti, ya yi ta juyawa a gabansa shiru kamar ganye. Bai gaya wa kowa ba. Mutumin da ake kira Kunne ba shi da bakin da zai fara irin wannan zance. Sai ya koyi kallon leɓɓan mai magana, ya kuma tanadi amsa biyu don lokacin da leɓɓan suka kuɓuce masa: "Haka ne," da "To, sai a hankali." Ya gano cewa da waɗannan biyun mutum zai iya zama a kusan kowace hira ba tare da an gane ba ya cikinta. Sau ɗaya ne maƙwabci ya tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce masa haka ne.

Gwaggo ta yi watanni tana kuka kafin ta kwanta. Mutane a bakin hanya sukan juyo idan ta nufo su, shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce, sai ya ɗaga musu hannu. Babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya wa Kunne injinsa yana bugawa. Kowa ya ɗauka ya ji, kuma tun da bai damu ba, to, bugun ba na damuwa ba ne. Wata rana a kan tudu, da cikakken lodi, ta saki farin hayaƙi ta tsaya. Da igiya aka jawo ta gareji.

Ƙanen ya sauke injin, ya kwance shi, ya jera kayan cikinsa a kan buhu. Ya tsuguna yana kallonsu, sannan ya ɗago kai.

"Yaya, ba ka ji ta ba?"

"Na ji. Cewa na yi sai mun gama aikin da ke hannu."

Ƙanen ya dube shi, ya goge hannu da tsumma, ya koma kan kayan injin.

Fistin shi ne ƙarfen nan mai siffar kofi wanda ke kai da komowa a cikin ramin inji, kuma da ƙarfin bugunsa mota ke tafiya. Na Gwaggo shida ne. Biyu sun ƙone, sauran sun cinye. Abin da ya fi wannan muni shi ne jikin injin kansa. An riga an faɗaɗa ramukansa a gyare-gyaren baya, bangonsu ya yi siriri, babu sauran naman da za a ƙara cirewa. Ƙanen ya sa ɗan yatsa a ciki ya nuna masa.

"Gyara ɗaya ya rage mata. Idan muka sa fistin ya fashe a ciki, zai fasa bangon nan, kuma irin wannan injin an daina kawo shi. Daga nan sai a kira mai wutar yankan ƙarfe ya yanka ta."

"To, a sa sababbi."

"Na kamfani? Sai ka sayar da ita tukuna, sannan ka sayi fistin ɗin ka ajiye a ɗaki kana kallo."

"Na ga wasu a kwali mai ƙyalli, an ce suna da sauƙi."

"Suna da sauƙi, suna kuma da kyau a ido. Na sa wa mutum uku. Biyu sun dawo a igiya."

"Na ukun fa?"

"Shi bai dawo ba. A can inda ta tsaya ya sayar."

Abin da ya rage, wanda kuɗin da ke hannun Kunne zai iya kaiwa, shi ne na hannu: fistin na asali da aka ciro daga injin da haɗari ya kashe, ba tsufa ba. Irin waɗannan sun fi na kwali nesa ba kusa ba, idan an dace. Amma motar da ta yi karo takan bar tsaga a ɓoye.

"Girma da nauyi ni zan auna," in ji ƙanen. "Tsaga kuwa taka ce, Yaya. Ni ba na jin ta."

Kunne ya ce haka ne. A wannan karon ya ga leɓɓan sarai.

Tun ranar da aka jawo Gwaggo wani mutum ya fara zuwa garejin kullum da safe. Sana'arsa sayen matattun motoci, ya yanka, ya sayar da ƙarfen a kan awo, don haka ake ce masa Mai Sikeli. Mutum ne mai ladabi. Zai gaishe da kowa, ya tambayi iyali, ya zauna a kan tsohuwar taya. Can sai ya tashi ya zagaya Gwaggo a hankali, hannuwansa a baya, leɓɓansa suna motsi. Kunne ya iya karanta leɓɓa, ya kuma ga lissafi suke yi.

"Me kake nema a nan?" ya tambaye shi.

"Ba komai, Baba. Dubiya na zo. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji Mai Sikeli, ya ƙwanƙwasa ƙofar tifar da ɗan yatsa don ya ji kaurinta.

Shagon da ya fi tara irin kayan Gwaggo yana can cikin kasuwa, a wani lungu da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya juya gefe. Baƙin mai ya rine ƙasan shagon, rabi-rabin injuna sun hau kan juna har kusa da rufi. Mai shagon ya gaji wurin daga mahaifinsa, kuma tun yana ƙarami yake ganin Kunne yana gwada ƙarfe. Da ya hango shi tafe ya miƙe, ya share benci. Kafin Kunne ya zauna, masu shagunan kusa da direbobin da suka zo sayayya sun cika bakin ƙofar. An daɗe ba a ga gwajin ba.

Mai shago ya juye buhun fistin a ƙasa. Kunne ya ga ɗaya a ware, kusa da ƙofa, ya sunkuya ya ɗauka, domin shi ne mafi kusa, kuma yana so a fara a gama. Yana sunkuye mai shago ya faɗi wani abu. Da ya ɗago, ƙarshen motsin bakin kawai ya tarar.

"Haka ne," in ji Kunne.

Ya zura waya a ramin fistin, ya ɗaga shi sama, ya buga da sifana. Ya ga ƙarfen ya yi rawa a jikin wayar. Ban da wannan babu komai, kamar ya bugi auduga. Ya matso da shi kusa da kunnen da yake ganin ya fi, ya sake bugawa. Ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya tsaya a haka fiye da yadda ya saba. Idanu sun yi masa yawa, kuma dole ya ce wani abu. Ya dubi fistin ɗin, ya ga jikinsa sumul, babu ƙuna, babu ƙarzuwa.

"Lafiya lau," ya ce.

Ya ga mutane sun dubi juna. Mai shago ya karɓi fistin ɗin da hannu biyu, ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya goge shi da rigarsa, sannan ya ɗora shi a kanta ta sama inda yake ajiye kaya masu daraja. Kunne ya naɗe wayarsa ya miƙe.

"Yau kasuwa ta cika hayaniya. Gobe na dawo mu ƙarasa."

A ranar babu wuta, injunan walda da na wasa ƙarfe duk a kashe suke, kuma masu shagunan sun daɗe ba su ga kasuwar ta yi shiru haka ba. Babu wanda ya musa masa.

Da yamma ya zauna a tsakar gida, matarsa ta kawo masa shayi a kofin ƙarfe. Bai sha ba. Ya sa cokalin a baki ya riƙe da haƙora, yana tunanin bangon injin da ƙanensa ya nuna masa, da fistin biyar da suka rage, da wanda ya yaba bai ji ba. Ya sunkuya zai gyara zaman kofin, sai ƙotar cokalin ta taɓa bakin kofin. Amo ya tashi a tsakiyar kansa, siriri, garau, ya ja har ya shuɗe. Rabonsa da jin abu garau haka ya manta.

Ya sake yi. Ya cire cokalin daga baki ya buga kofin da hannu, bai ji komai ba. Ya mayar da shi tsakanin haƙora, amon ya dawo. Ya tashi ya kwance igiyar shanya, ya ɗaura murfin tukunya, ya ciji igiyar, ya buga. Ya ɗauko faranti, ya ɗauko buta, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Matarsa tana zaune a kujerarta tana tsince shinkafa. A tukunya ta ƙarshe amon ya yanke.

"Wannan a tsage take," ya ce.

"Shi ya sa albasa nake ajiyewa a cikinta, ba ruwa ba," in ji ta. "Idan ka gama cin igiyata, akwai abinci."

Ya ga kowace kalma, domin ta juyo da fuskarta wajen haske kafin ta yi magana. Sai a lokacin ya lura cewa kujerar nan ba a nan take zama a da ba, kuma ya kasa tuna yaushe matar ta dawo da ita wajen hasken. Matar ta shiga ɗaki, ta fito da wata siririyar waya mai tsabta, ta ajiye kusa da kofinsa.

"Wannan ta fi igiya. Ka wanke ta kafin ka sa a baki."

Washegari ya koma kasuwa tare da ƙanensa, wanda ya zo da ma'aunin faɗi da ƙaramin sikeli. Mutanen jiya sun dawo, har da ƙari. Kunne ya zura sabuwar wayar a fistin na farko, ya haɗa bakinta biyu, ya sa tsakanin haƙoransa, ya buga. Amon ya ratsa muƙamuƙinsa ya hau kansa, ya daɗe bai sauka ba. Ya ajiye shi a dama.

Wani direba ya raɗa wa mai shago tambaya. Mai shago ya amsa da murya irin ta wanda ya san sirri, ya ce wannan ai mataki na gaba ne. Da kunne ake gwada kaya na yau da kullum, amma idan aiki ya yi nauyi, sai an sa haƙori. Mahaifinsa ma ya taɓa ba shi labarin haka. Kafin rana ta take, mutum biyu a shagunan kusa sun samo waya suna cizo, suna buga tsofaffin ƙarafa, suna karkata kai.

Aikin ya ɗauki lokaci. Wani fistin amonsa ya yi kyau, ƙanen ya auna ya ce ya cinye a gefe. Wani girmansa daidai, ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa, kuma ƙanen ya ce ba zai haɗa su gida ɗaya ba, domin mai nauyi zai riƙa jan sauran har injin ya kama rawa. Wasu kuwa kyawawa ne a ido, ma'auni ya yarda da su, amma a haƙorin Kunne suka mutu nan take, ya tura su hagu. Muƙamuƙinsa ya gaji, ɗanɗanon tsohon mai ya cika masa baki. Da buhun ya ƙare, biyar ne a dama.

"Alhamdu lillahi, sun cika," in ji mai shago. Ya miƙa hannu kanta ta sama ya sauko da na jiya. Ƙanen ya auna shi, ya ɗora a sikeli, ya gyaɗa kai, ya fara naɗe shi a takarda.

Kunne yana kallo. Ya san idan ya yi shiru an gama, za a tashi kowa yana cewa ya ga aiki. Ya san kuma yawancin waɗanda ya gwada yau lafiyarsu ƙalau, don haka mai yiwuwa wannan ma lafiyarsa ƙalau.

"Miƙo shi," ya ce.

"Ai ka riga ka duba shi jiya, Baba."

"Miƙo shi dai."

Ya rataya, ya ciza, ya buga. Abin da ya iso kansa gajere ne, busasshe, kamar an ajiye dutse a kan ƙasa. Ya juya fistin ɗin ya buga ta wani gefen. Haka dai.

Ya tsaya da wayar a baki. Yawancin mutanen nan sun ji shi jiya. Zai iya cewa launin ƙarfen bai yi masa ba, ko ya ce ƙanensa ya sake awo, ko ya bari ya suɓuce ya faɗi a siminti a ce tsautsayi ne. Zai iya kuma ya karɓa a sa, ya riƙa tuƙi yana jiran ranar. Ya tuna yadda Mai Sikeli ya ƙwanƙwasa ƙofar Gwaggo. Ya cire wayar, ya goge bakinsa da bayan hannu.

"A tsage yake. Jiya ban ji komai ba. Ba na ji, na daɗe ba na ji."

Da nufin ya faɗa a hankali ya faɗa, amma wanda ba ya jin muryarsa ba ya sanin ƙarfinta. Har masu shagunan bakin lungu sun ji.

Mai shago ya matso, ya tsaya daidai gabansa, ya buɗe baki sosai.

"Baba, ai jiya na gaya maka a tsage yake. Da shi muke tokare ƙofa. Ka ce haka ne, ka buga, ka ce lafiya lau. Sai na ɗauka ni ne ban san kaya ba. Da safen nan wani ya taya shi da tsada, na ce na Baba Kunne ne."

Ya karɓi fistin ɗin, ya kifa shi, ya sa farce a can ciki, kusa da ramin da waya ta shiga. Da aka kai shi haske aka ga tsagar, siririya kamar gashi. Aka miƙa shi daga hannu zuwa hannu, kowa ya leƙa. Ɗaya daga cikin masu cizon waya ya zare tasa a hankali ya sa a aljihu. Ɗayan ya ci gaba, ya ce shi kam yana jin wani abu.

Kunne ya dubi ƙanensa. Ƙanen yana naɗe biyar ɗin, ya ɗago kai don a ga bakinsa.

"Maganar kunne na daɗe da sani, Yaya. Ta haƙori ce ban tabbatar ba, sai yanzu. Tashi mu nemi na shida."

Na shidan ya ba su wahala. Sun bi shagunan lungun, sun tsallaka zuwa na gaba, suna kwance buhuna. Duk inda suka shiga labari ya riga su, kuma masu shago suna tsayawa a gabansa su yi magana da dukan fuskarsu, wasu har da hannu, kamar masu ba babbar mota hanya. Kunne ya jure. A shago na ƙarshe suka tarar da wani inji da aka ɗora wa katako ana cin abinci a kai. Aka sauke kwanuka, aka kwance shi, aka zaro fistin. Ma'auni ya yarda, sikeli ya yarda, haƙori ya yarda.

Ƙanen bai yi gaggawar haɗawa ba. Ya wanke kowane fistin, ya sa masa sababbin zobba, domin ya ce a nan kam ba a neman arha. Ranar da za a tayar da injin Mai Sikeli ya zo da wuri, ya zauna a tayarsa. Kunne ya hau, ya murɗa makulli. Kujera ta yi rawa a ƙarƙashinsa, baƙin hayaƙi ya fito ta baya, ya koma shuɗi, ya washe. Ya sauko ya zagaya gaba. Ya ga fanka tana juyawa, ya ga mutane suna kallonsa. Ya ɗauki doguwar sifana, ya dafa kanta ɗaya a jikin injin, ya ciji ɗayan.

Fistin ɗin suna nan su shida, kowa yana shigowa a lokacinsa, babu mai riga wani, babu mai jan ƙafa. Ya matsar da sifanar daga rami zuwa rami har ƙarshe. Sannan ya miƙe, ya juya wajen ƙanensa.

"Kai me ka ji?"

"Abin da ka ji."

"To."

"Amma duk mako za ka kawo ta in saurara. Kuma zan ƙara maka madubi biyu, tun da ba ka jin hon ɗin na bayanka, kada su ɗauka gaba kake da su."

Mai Sikeli ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi wa Kunne barka da arziki. Ya tambaya ko tsofaffin fistin ɗin da aka cire na sayarwa ne. Aka ce ya ɗauka. Ya zuba su a buhu, ya ɗaga ya ji nauyinsu, ya tafi.

Gwaggo ta koma ɗibar yashi, kuma har yanzu tana kai. Kunne ya rage nisa, ya daina hawa tudun nan da cikakken lodi, yana kuma kai ta gareji kamar yadda aka ce, ko da yake kullum sai ya nuna wata hidima ce ta biyo da shi ta wajen. A makon da ya karɓi kuɗin lodin farko ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, ya tafi wurin likitan haƙori, inda bai taɓa zuwa ba tun da aka haife shi. Likitan ya zaunar da shi, ya sauke abin rufe bakinsa kamar yadda aka roƙe shi, ya tambaye shi wanne ne ke ciwo.

"Babu mai ciwo," in ji Kunne. "Kayan aiki ne na kawo a duba."